Kasuwar kwangilar gine-gine: yadda Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suka bambanta, da abin da ke ƙetaren iyaka

Kasuwar kwangilar gine-gine ta ƙunshi duk wani aikin gini da gwamnati, ƙaramar hukuma, shirin raya ƙasa ko wani mai zaman kansa ke bayarwa ta hanyar takara, tun daga azuzuwan makaranta da asibitocin karkara har zuwa hanyoyi, gadoji da tankunan ruwa. Masu cin abinci a cikinta hawa uku ne. A sama akwai manyan kamfanoni, galibi na waje, masu injuna da goyon bayan banki. A tsakiya akwai kamfanonin ƴan ƙasa masu takardun izini. A ƙasa kuma akwai ƙananan ƴan kwangila da ƴan jinga: magina, masu ɗaurin ƙarfe, kafintoci, masu walda, masu haɗa wuta da fanfo, da masu motocin yashi da tsakuwa, waɗanda ke karɓar aiki daga hannun wanda ya ci takarar.

Doka guda ce ke aiki a jahohi 8 na Nijar. Sai dai mai ba da aiki, tsadar kaya, nisan hanya da lokacin biya sun sha bamban daga wannan gari zuwa wancan, kuma a nan ne ribar ɗan kwangila ke fitowa ko ta nutse.

Dokar da ke tafiyar da takara

Tsarin ba da kwangilar gwamnati a Nijar ya samo tushe daga ƙa'idoji biyu da ƙungiyar UEMOA ta amince da su ranar 9 ga Disamba 2005, masu lamba 04 da 05. Kundin da ake aiki da shi yanzu shi ne na ranar 29 ga Satumba 2022, wanda ya maye gurbin na 2016. Hukumar ARCOP, wadda ta gaji ARMP, ita ke sa ido a kan tsarin baki ɗaya, tana horar da masu ruwa da tsaki, tana sauraron ƙorafi ta hanyar kwamitinta na sasanta rikici, tana kuma iya hana kamfanin da aka kama da maguɗi shiga takara na wani lokaci. Binciken takardu kafin a sa hannu kuwa yana hannun ma'aikatar kuɗi.

Hanyar da doka ta fifita ita ce buɗaɗɗiyar takara, wadda takardun gwamnati ke kira appel d'offres ouvert: a buga sanarwa, kowa ya sayi kundin sharuɗɗa, ya kawo tayinsa a rufe, a buɗe ambulan a gaban ƴan takara. Akwai takarar da ake gayyatar kamfanoni kaɗan, akwai neman farashi na ƙananan ayyuka, sannan akwai ciniki kai tsaye, wanda doka ta taƙaita ga yanayi na musamman kamar gaggawa. Tun watan Fabrairun 2024, wata doka ta fitar da sayayya da ayyukan da suka shafi jami'an tsaro daga wannan tsari.

Ana samun sanarwa a jaridun Le Sahel da Sahel Dimanche, a shafin intanet na ARCOP, da kuma allunan ofisoshin gwamna, na gunduma da na magajin gari. Ƙa'idar UEMOA ta ba da aƙalla kwana 30 na shirya tayi a takarar cikin gida, da kwana 45 a manyan ayyukan da ake buɗe wa ƙasashen ƙungiyar.

Takardu da kuɗin da ake ɗaurewa

Kafin a dubi farashin ɗan takara, sai an dubi takardunsa. Ana buƙatar rajistar kasuwanci ta RCCM, lambar haraji ta NIF, shaidar biyan haraji ta ARF, shaidar asusun ma'aikata na CNSS, da takardar izinin aikin gini, wadda ke da matakai daidai da ƙarfin kamfani. Yawancin kundaye na neman shaidar ayyuka makamanta da aka kammala, jerin ma'aikata da injuna, da wasiƙar banki. Takarda ɗaya da wa'adinta ya wuce ta isa ta fitar da tayi mafi arha.

Ƙa'idar UEMOA ta kuma kafa iyaka a kan kuɗi. Garantin shiga takara yana tsakanin kashi 1 da kashi 3 cikin 100 na ƙimar aiki. Garantin kyakkyawan aiki bai wuce kashi 5 ba, haka ma abin da ake riƙewa daga kowane biya har ƙarshen wa'adin garanti. Kuɗin kafin alƙalami bai wuce kashi 30 ba, kuma banki ne ke tsaya masa. Wa'adin biya kwana 60 ne. A misali, mai neman aikin miliyan 50 na sefa zai nemo garantin jika 500 zuwa miliyan 1 da rabi tun kafin ya san ko zai ci. Idan ya ci, sai ya kawo wani na har miliyan 2 da rabi, a kuma riƙe masa har miliyan 2 da rabi, galibi na shekara guda bayan miƙa aiki. A kan wannan akwai harajin TVA na kashi 19, kuɗin rajistar kwangila, da ladan da banki ke karɓa a kan kowane garanti.

Matsayin mai karɓar aiki daga hannun wani

Wanda ya ci takara yana da damar miƙa wani sashe na aikin ga wasu, amma ƙa'idar UEMOA ta hana abin ya wuce kashi 40 cikin 100, kuma sai mai aikin ya amince da wanda za a ba. Alhakin aikin baki ɗaya yana nan a wuyan babban kamfani. Ƙaramin ɗan kwangilar da aka rubuta sunansa, aka kuma amince da sharuɗɗan biyansa, yana iya neman a biya shi kai tsaye daga hannun mai aikin. A ayyukan ƙananan hukumomi, ɗan takarar da ya yi alkawarin miƙa aƙalla kashi 30 ga kamfanin ƙasar yana iya samun fifikon da bai wuce kashi 5 ba wajen auna farashi.

A aikace, yawancin jinga da baki ake ƙulla ta, a kan kowane mita ko kowane tubali. Wanda ya shiga ta wannan ƙofa ba shi da suna a kundin kwangila, don haka idan biya ya tsaya, ba shi da ta cewa a gaban mai aikin, kuma aikin da ya yi ba zai zame masa shaidar ƙwarewa a takara ta gaba ba. Rubutacciyar yarjejeniya mai nuna yawan aiki, farashi, wanda zai kawo kaya da ranar biya ita ce babbar kariyarsa.

Yamai

Birnin Yamai ne cibiyar ma'aikatu, kamfanonin gwamnati irin su NIGELEC da SPEN, hedikwatar bankuna da ofisoshin shirye-shiryen raya ƙasa. Ayyuka da yawa da za a yi a jahohi a nan ake buɗe takararsu. Manyan gine-ginen shekarun baya sun nuna yadda kasuwar take: kamfanin Summa na Turkiyya ne ya sake gina filin jirgin sama na Diori Hamani gabanin taron ƙungiyar Tarayyar Afirka na Yulin 2019, Indiya ta ɗauki nauyin cibiyar taro ta Mahatma Gandhi, Sin kuma ta gina gada ta uku, mai sunan Seyni Kountché, da aka buɗe a 2021. A irin waɗannan ayyuka, rabon ƴan ƙasa shi ne jinga da kawo kaya.

Amfanin Yamai shi ne yawan aiki da kusanci da masu sa hannu da masu biya. Illarta ita ce yawan ƴan takara, abin da ke sa wasu karya farashi fiye da kima, daga baya aiki ya tsaya. Ƙwararrun ma'aikata sun fi samuwa a nan, ciki har da magina da masu shimfiɗa karo ƴan Togo da Benin, amma ladansu ya fi tsada. Rufe iyakar Benin tun 2023 ya karkatar da kayan da ke zuwa ta teku zuwa tashar Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, abin da ya ƙara wa ƙarfen gini, kwano da kayan wuta kwanaki da kuɗi.

Maraɗi

Maraɗi, mai nisan kusan kilomita 660 daga Yamai, kasuwa ce da kuɗin ƴan kasuwa ke juyawa. Alhazai na gina shaguna, rumbunan ajiya, gidajen mai, gidajen sama da masallatai, kuma irin wannan aiki ba ya bin takara a rubuce: sanayya da aikin da aka gani da ido su ke kawo shi. Biya ya fi sauri, amma mai gini kan sayi kayansa da kansa, ya bar wa magini ladan hannu kaɗai.

Ta fuskar gwamnati, jahar ta ga babban aiki lokacin bikin Maradi Kolliya na 18 ga Disamba 2015. Shirin ProDAF, da asusun FIDA ya tallafa wa a jahohin Maraɗi, Tawa da Damagaram, ya samar da ayyukan hanyoyin karkara, kasuwannin amfanin gona da madatsun ruwa, waɗanda aka rarraba kashi-kashi daidai ƙarfin matsakaitan kamfanoni. Yawan jama'ar jahar ya sa buƙatar azuzuwa ba ta yankewa, musamman bayan gobarar da ta kashe yara a azuzuwan zana a Nuwamban 2021. Babban ƙarfin Maraɗi shi ne kusancinta da Jibiya, Katsina da Kano, inda kwano, fenti, wayar wuta da kayan fanfo ke fitowa. Farashinsu na bin darajar naira da halin da iyaka ke ciki.

Damagaram

Damagaram na da nisan kusan kilomita 900 daga Yamai, kuma wannan nisa na shiga cikin kowane lissafi. Man fetur ne ya bambanta kasuwarta: matatar SORAZ, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ta fara aiki a 2011, sannan bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa jahar. Kamfanonin Sin masu waɗannan ayyuka na da nasu tsarin zaɓen ƴan jinga, wanda ba ya bin kundin gwamnati. Doka ta tanadi kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen ma'adinai da na mai ga ƙananan hukumomin jahohin da ake haƙo su, kuma idan kuɗin suka sauka, sukan koma azuzuwa, rijiyoyi da asibitoci.

Birnin na zaune a kan dutse. Hakan ya sa tsakuwa na samuwa kusa, amma haƙa harsashi na cin lokaci, ruwa kuma na wuya, har ana jawo shi daga Gogo-Machaya, Aroungouza da Ganaram. Ɗan kwangilar da bai sa kuɗin ruwan kwaɓa siminti cikin lissafinsa ba, musamman daga Maris zuwa Mayu, zai cike giɓin daga aljihunsa. Bikin Zinder Saboua na 2018 ya kawo hanyoyi da gine-gine, ambaliyar 2024 kuma, wadda ta rusa tsohon masallacin Birni, ta ƙara buƙatar gyara da magudanan ruwa. Kayan gini da dama na zuwa daga Kano ta Magarya da Matamai.

Tawa

Jahar Tawa ce gidan siminti. Masana'antar Malbaza, wadda aka sabunta ta koma iya fitar da tan 650,000 a shekara, tana bakin babbar hanya ta RN1, akwai kuma wata a Badagishiri. A Oktoban 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta ƙayyade farashin siminti jaha-jaha: jika 55 kowane tan a Yamai, mafi arha kuma a Tawa. Tan guda buhu 20 ne mai kilo 50. Dutsen Adar na ba da abin gini da tsakuwa, Ƙonni kuma na da hanyar Illela zuwa Sakkwato.

Kuɗin ƴan ci-rani na gina gidaje da yawa a garuruwa da ƙauyukan jahar, aikin da ke tafiya sannu-sannu daidai da yadda kuɗi ke isowa. Ayyukan gwamnati sun fi karkata ga ruwa: gyaran filayen noman rani na Ƙonni, madatsai, da rijiyoyin burtsatse masu zurfin ɗaruruwan mita, waɗanda sai mai babban inji ke iya yi. Arewacin jahar na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, kamar wasu sassan Tilaberi, Difa kuma tun 2015. A waɗannan wurare ƴan takara kaɗan ne, amma kuɗin tsaro, jinkiri da haɗarin rai na da yawa. Madatsar Kandaji mai megawat 130 misali ce ta wani haɗarin: kamfanin Gezhouba ya dakatar da aiki a Agustan 2023 bayan tsayawar kuɗin waje, ƴan jinga da leburori suka zauna.

Arewacin Najeriya

Kasuwar Najeriya ta fi ta Nijar girma nesa ba kusa ba, amma tsarinta daban ne. Ayyukan gwamnatin tarayya na bin dokar 2007, ƙarƙashin hukumar BPP, yayin da jihohi kamar Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa ke da nasu dokoki da ofisoshi. Najeriya ba ta cikin OHADA, don haka RCCM na Nijar ba ya aiki a can: sai rajista da hukumar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara 3, da takardun fansho da inshorar ma'aikata. Harajin VAT kashi 7.5 ne. Garantin kyakkyawan aiki bai gaza kashi 10 ba, wato ninkin na UEMOA. Kuɗin kafin alƙalami kashi 15 ne a dokar 2007, kafin gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30 ga kamfanonin gida. A Mayun 2025 gwamnatin tarayya ta amince da manufar fifita kamfanoni da kayan cikin gida.

Babban bambanci shi ne kuɗi. Sefa na ɗaure da yuro, a kan 655.957 kowane yuro guda. Naira kuwa an sake ta a Yunin 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ƙulla jinga da naira a tsakanin nan, ya kuma yi niyyar dawo da ribarsa gida, ya ga kusan kashi 2 cikin 3 na darajarta sun tafi.

Aikin da ya haɗa kasuwannin biyu shi ne layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda Najeriya ta ba kamfanin Mota-Engil na Portugal a kan kusan dala biliyan 2, aka ƙaddamar a Fabrairun 2021. Ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Tun da Najeriya ce mai aikin, ƙofar ƙananan kamfanonin Maraɗi ita ce jinga a hannun babban kamfanin.

Benin, Burkina Faso, Mali da Cadi

Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025, amma suna nan cikin UEMOA da OHADA. Saboda haka kamfanin Nijar na da damar shiga takara a ƙasashen UEMOA ba tare da nuna masa bambanci ba, da kuɗi iri ɗaya, da takardu masu kama da juna, yana kuma cin gajiyar fifikon da ya kai kashi 15 a gaban kamfanonin da ba na ƙungiyar ba. TVA kashi 18 ne a Benin, Burkina Faso da Mali.

Benin na aiki da kundin 29 ga Satumba 2020, ta kuma zuba kuɗi sosai a kwalta da kasuwannin birane, amma ayyukan manya ne, kuma rufe iyakar Gaya da Malanville ya sa kai injuna da ma'aikata ya yi wuya. A Burkina Faso ana buga sanarwa da sakamakon takara a jaridar kwangila ta kullum, sai dai shirin Faso Mêbo da aka soma a 2024 ya sa gwamnati na yin wasu ayyukan hanya da kanta, da gudunmawar jama'a. Cadi na cikin OHADA amma a yankin CEMAC take: sefarta daidai take da ta Nijar a daraja, sai dai takardun kuɗin daban ne, kuma fifikon UEMOA ba ya aiki a can.

Abin da ake aunawa kafin a shiga

Abu na farko shi ne asalin kuɗin aikin. Aikin kasafin gwamnati na bi ta baitulmali, kuma jinkirin biya sananne ne. Aikin masu ba da tallafi, kamar shirye-shiryen PIDUREM da PISEN na Bankin Duniya, na biya cikin tsari, amma yana da tsauraran sharuɗɗa kan takardu, muhalli da lafiyar ma'aikata, kuma yana iya tsayawa saboda siyasa, kamar yadda ya faru daga Yulin 2023 zuwa 2024. Ƙananan hukumomi, waɗanda ke hannun shugabannin riƙo tun Afrilun 2024, na dogara da harajinsu da tallafin ANFICT, ayyukansu ƙanana ne amma su ne makarantar sabon ɗan kwangila.

Na biyu shi ne nisa tsakanin wurin aiki da siminti, yashi, tsakuwa da ruwa. Na uku shi ne lokaci: daga Yuni zuwa Satumba hanyoyin karkara na yankewa, leburori na komawa gona, alhali tarar jinkiri na ƙirguwa kullum. Na huɗu shi ne ko kwangilar ta yarda a sake duba farashi idan kaya suka tashi. Na biyar shi ne ƙarfin aljihu: wata nawa kamfani zai iya biyan ma'aikata kafin kuɗin farko su sauka.

Idan aka haɗa waɗannan, Yamai ta fi yawan aiki da yawan gasa, Maraɗi ta fi saurin juyawar kuɗi, Damagaram ta fi buƙatar lissafin nisa da ruwa, Tawa ta fi sauƙin siminti, Najeriya kuma ta fi girma da haɗarin canji. Ƙananan kamfanoni biyu ko uku na iya haɗa gwiwa su kawo tayi guda, doka ta yarda da haka, kuma ta nan ne da yawa ke kai wa ga aikin da ɗayansu ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. Takardun haraji da na CNSS kuwa a sabunta su tun kafin sanarwa ta fito, don ba a fafe gora ranar tafiya.